Ɗaurin Amya

Shafi na 19

Ina gaida mutanen gidan nan, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, duk kuna raina. Na ga saƙonninku. Wata ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta biyo ni har gida. Baiwar Allah zauna abinki, hanyar garinmu ba ta yawon zumunci ba ce. Ku kuma da kuka kwana kuna zagin Salmanu, ku ɗan riƙe bakinku tukuna. Ni kaina da nake rubutun ban gama yarda da kowa ba a labarin nan.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Dinah 'yar Birnin Gwari ce, ta yi fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan dajin Kuyello: yadda masu injin katako ke kwantar da manyan itatuwa da yardar mutanen daji, har ƙudan zuma suka fara barin wurin. An zaɓi fim ɗin a bikin da za a yi a Kaduna ranar Asabar, inda ake nuna fina-finan masu kutsawa daji da masu kare muhalli da masu fafutukar haƙƙin jama'a. Mutum ɗaya tak ya yarda ya yi magana a ciki, kawunta Lazarus, tsoho mai sana'ar zuma. Ta rufe masa fuska, ta sauya masa murya, ta kuma cire duk hoton da amya ta fito a ciki, wato kwandon nan na ciyawa da ake ɗaurawa a bishiya ƙudan zuma su shiga.

Me ya sa ta cire? Saboda a Kuyello kowane mai zuma da irin ɗaurinsa. Mutumin can ya ɗaga kai ya kalli igiyar da ta riƙe amya, sai ya gaya maka mai ita, shi ya sa ba a satar zuma a yankin. To jiya da yamma masu biki suka saki tallan fim ɗin a shafinsu. Ga amya nan a ciki, ɓaro-ɓaro.

Mu je zuwa.

*

Dinah ba ta yi sallama ba. Labulen shagon kawai ta yaye ta shiga, waya a hannu.

Salmanu na zaune gaban kwamfuta, abin ji a kunne, yana tace bidiyon wani bikin aure. Shi ne ya tace mata fim ɗin tun daga farko. Tare suka yi firamare, tare suka sha bulalar malami ɗaya, kuma har jiya da yamma in ka ce mata Salmanu zai cuce ta, da kai za ta yi faɗa.

"Kashe wannan abin," in ji ta.

Ya zare abin jin. "Lafiya, Dinah? Ko gaisuwa babu?"

"Gaisuwa ta jira. Kalli nan."

Ta ajiye masa wayar a kan tebur ta danna. Ga tsoho zaune, fuskarsa a dushe, murya mai kauri da ba tasa ba tana cewa, "Da rana muna jin kukan inji, da yamma mu ga mota ta fita da gungume. Wa ke buɗe musu hanya? Kowa ya sani." Sai hoton ya sauya. Amya a kan reshen ɗorawa, hasken safiya ya dake ta, ƙudan zuma na shiga suna fita, igiyar kalgo ta fito fes har kana iya bin naɗinta da ido.

Ta tsayar da shi a nan.

"Wa ya mayar da wannan?"

Salmanu bai kalli wayar ba. Ƙofa ya kalla. A bakin shagon akwai wani mutum zaune a benci, wai cajin waya ya kawo, ya juya musu baya amma kunnensa ɗaya na wajen labule. Dinah ta lura. Ta rage murya, amma ba ta rage zafi ba.

"Tambayarka nake."

"Wataƙila su George ne suka..."

"Kada ka soma. Tun asuba na kira George." George shi ne jami'in bikin da ke karɓar fina-finai a Kaduna. "Ya ce abin da muka tura masa shi suka saka. Har da ce min wai hoton amyar ne ya fi komai kyau, wai shi ke jawo 'yan kallo. Na ce ya sauke, ya sauke. Amma ya ce ya riga ya zaga, kowa ya kwafa."

"To ai tunda ya sauke..."

"Salmanu, mu biyu ne muke da ɗanyen hoton nan a duniya. Ni da kai. Ni ban mayar ba. Kuma kai ka tura."

Shiru.

Ni dai a wurina shirun nan ya fi ƙarya muni. Mutum ya yi maka ƙarya, ka samu abin kamawa. Amma ya zuba maka ido yana murza yatsu, zuciyarka ce za ta yi ta saƙa maka abubuwa, kuma babu mai kyau a ciki.

Idon Dinah ya sauka a kan kwamfutar. Hoton bikin na tsaye inda ya tsayar da shi: wani ƙaton mutum cikin babbar riga yana yi wa amarya liƙi, baki har kunne. Ta matsa kusa.

"Bikin wa kake tacewa?"

"Aiki ne aka kawo."

"Na ce bikin wa?"

"'Yar gidan Bakoji."

Ta yi wata dariya da babu daɗi a cikinta. Bakoji dillalin katako ne, motocinsa ne ke fita da gungumen da tsohon ke magana a kai, duk da ba a kama sunansa a fim ɗin ba.

"Bakoji. Lallai."

"Dinah, sana'ata ce. Kowa ya kawo biki ina ɗauka. Na ɗauki na fasto, na ɗauki na limami."

"Yaushe ka fara shiga gidansa?"

"Ranar bikin kawai na shiga."

"Ya tambaye ka labarin fim ɗina?"

Salmanu ya ce, "Ya tambaya."

"Ka ce me?"

"Na ce na tsuntsaye ne."

"Na tsuntsaye." Ta gyaɗa kai. "Sai kuma ga amyar kawuna ta dawo cikin tallan da kanta, ko? Ƙafa ta yi? Me ya yi maka alkawari? Sabuwar kyamara? Ko dai dama can kai ne idonsu a cikinmu? Ashe duk shigar da muka yi dajin nan, da infoma nake..."

Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Dinah!"

Mutumin benci ya gyara zama.

Salmanu ya sunkuyo, ya rage murya. "Ki zage ni, ki mare ni in kin ga dama. Amma kada ki sake kiran sunan nan a kaina a cikin kasuwar nan. Kin san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa shi. Ba a tambaya, sai dai a zo ɗaukar gawa."

Ta san gaskiya ya faɗa. Jikinta ya ɗan yi sanyi, amma ba ta janye ba.

"To faɗa min."

Ya ɗaga kujerar ya ajiye. Ya zare wayar mutumin daga caji, ya leƙa waje ya miƙa masa. "Malam, ta cika. Zan rufe." Mutumin ya karɓa ba tare da ya duba ko ta cika ɗin ba, ya kalli Dinah sama da ƙasa, sannan ya tafi a hankali, kamar wanda bai so tafiyar ba.

Sai da ya ɓace Salmanu ya ce, "Ni na mayar."

Duk da ta sani, da ta ji daga bakinsa sai da ta dafa tebur.

"Ka kashe min kawu."

"Ba Bakoji ya sa ni ba. Na rantse da Allah."

"Wa ya sa ka?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Alkawari da wa?"

"Zo mu je gidanku."

"Gidanmu? Me za ka yi a gidanmu? Ka je ka nuna musu ƙofar da Kawu yake kwana?"

"Ki zo dai. In na yi miki ƙarya, ki tara min jama'a da bakinki."

*

Ranar kasuwa ce, amma Dinah ba ta taɓa jin kasuwar garinsu ta yi mata ƙunci irin na yau ba. A teburin mai shayi samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya, tana zuwa daidai su suka kife ta. Mai mangyaɗa da kullum ke tsokanarta da "'yar jarida, a ɗauke ni mana", yau ya duƙufa yana goge mazurari. Wani ɗan acaɓa ya bi su a hankali har kwanar makaranta, bai ce su hau ba, bai kuma wuce ba.

Ko dai kowa ya gani ne, ko kuma tsoro ne ke sa ta ganin haka. Ita kanta ba ta sani ba. Ta bar Salmanu a gaba, don ba ta son ya kasance a bayanta.

A tsakar gida suka tarar da mahaifiyarta, Mama Sabina, tana shanya barkono a tabarma. Kawu Lazarus, yayan Mama, na zaune a gindin mangwaro da baƙin gilashi a fuska. Yanar ido ta daɗe tana cinsa har ya kusa daina gani, shi ne aka kawo shi gari aka yi masa aiki. Yau da safe aka cire masa bandeji.

"Sannu da gida, Mama," in ji Salmanu, ya durƙusa. "Baba, ya jiki?"

"Jiki ya yi kyau, ɗana. Yau na ga fuskar ƙanwata, ashe ta tsufa ba ta gaya min ba."

"Ka ji shi ko," in ji Mama. Sai ta kalli 'yarta, dariyar ta ɗauke. "Ke lafiya? Me ya samu fuskarki?"

Dinah ta nuna Salmanu da baki. "Shi za ki tambaya. Ya mayar da hoton amyar Kawu cikin tallan fim. Duniya duk ta gani."

Mama ta saki kwanon barkono. "Yesu! Salmanu? Kai da kake cin tuwo a gidan nan?"

Salmanu bai ɗago ba. "Baba, ka yafe min. Na riƙe iya riƙewata. Yau har infoma an kira ni."

Kawu Lazarus ya yi ajiyar zuciya. Ya dafa ƙasa kusa da shi.

"Zauna nan, Dinah."

"Kawu, ba zama..."

"Na ce zauna. Ni na sa shi."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Kai?"

"Ni. Ran da kika tafi Kaduna kai takardunki, na aika aka kira min shi. Na ce ya mayar da amyata. Ya ƙi, ya ce za ki kashe shi. Na ce in bai yi ba, kada ya ƙara kirana Baba."

Mama ta dafe ƙirji. "Yaya, kanka ɗaya? Kashe kanka kake son yi?"

"Sabina, bari in yi magana da yarinya." Ya juyo wajen Dinah. "Kin rufe min fuska, kin ba ni muryar wani ƙato. Kin kyauta, kin yi don ki tsare ni. Amma kin san abin da ya faru a Kuyello bayan tafiyarki?"

Ta girgiza kai.

"Labari ya isa daji cewa wani mai zuma ya yi magana a kyamara. Mutanen daji suka aiko a gaya musu ko wane ne. Ba wanda ya faɗa. To mu nawa ne masu zuma a garin? Ba mu da yawa. Da kika ɓoye ni, sai kowa a cikinmu ya zama shi ne. Obed ya daina kwana a gida. Sadiq ya sayar da amyoyinsa. Mutane suka fara kallon juna a majalisa. Daga ƙarshe kin san a kan wa ido ya tsaya?"

Dinah ta ce, "Ɗalha."

"Ɗalha."

Ɗalha maƙwabcin Kawu ne, katanga ɗaya ta raba su. Shi ya riƙa ɗaukar Dinah a babur yana shiga da ita daji lokacin ɗaukar fim, kowa kuma ya gan su. Bai ce uffan a kyamara ba. Shi ne ma ya fara ja mata kunne, ya ce, "Malama, ki ɗauki komai, amma ban da ɗaurin amya."

"Yaron nan yana da mata da 'ya'ya ƙanana," in ji Kawu. "Tun da idona ya mutu shi ke min noma, shi ke kai ni coci a babur ya jira ni a waje, sannan ya wuce sabgarsa. Matarsa Zulaiha ke aiko min da kunu. In zauna a nan ina shan inuwar mangwaro a ɗauke shi a kan maganar da ni na yi? Haba 'yata."

"Da ka gaya min, Kawu."

"Da kin yarda?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin gani. Ni na riga na fito, ina cikin gari. Ba zan koma ba. Gonar ta tafi, amyoyin su tafi, na yafe. Su ga ɗaurina, su ce tsohon nan Lazarus ne, ai ya gudu. Shi ke nan, sai su ƙyale sauran su sha iska."

Wallahi a nan ni kaina sai da na ajiye waya na share ido. Tsohon da ya yi shekaru yana hawa bishiya a dajin nan, ya zauna shi kaɗai ya yanke wa kansa hukuncin ba zai ƙara ganinsa ba, ga shi kuma yau idonsa ya buɗe.

Dinah ta juya ta kalli Salmanu. Kunya ta rufe ta har ba ta san ta inda za ta fara ba.

"Salmanu..."

"Bari kawai," in ji shi. "Ni ma da ni ne ke, haka zan zata."

"Na kira ka da mugun suna."

"Kin kira. Allah ya sa mutumin benci bai ji ba."

Mama ta tsuguna tana tsince barkonon da ya zube, tana gunaguni. "Ku duka ba ku da hankali. Da tsohon da yaran. Fim, fim, fim. Ga shi nan fim zai raba mutum da garinsu."

Kawu ya yi murmushi. "To tunda asiri ya tonu, ku nuna min abin mana. An yi fim da ni ban taɓa gani ba. Yau da nake da ido, bari in ga yadda na fito."

"Likita ya ce kada ka kalli haske," in ji Mama.

"Likita ba ya nan."

Dinah ta matso ta durƙusa gabansa. Ya ɗaga gilashin zuwa goshi, ya ƙanƙance ido. Ta danna.

Da muryar ƙaton ta fito, ya yi dariya har da tari. "Wannan ni ne? Kai, Salmanu, ka mai da ni dodo."

Sai amyar ta fito.

Dariyar ta tsaya.

"Tsayar."

Ta tsayar.

"Matso da shi. Ƙara girmansa. Wajen igiyar."

Ta ja hoton da yatsu biyu. Igiyar kalgo ta cika fuskar wayar. Kawu ya kai fuskarsa kusa har numfashinsa na taɓa gilashin. Ya daɗe a haka.

"Salmanu."

"Na'am, Baba."

"Wace amya ce wannan?"

"Taka ce, Baba. Ta kan ɗorawar nan ta bakin rafi. Kai da kanka ka nuna mana ka ce taka ce."

"Ba a gindin maje na zauna na yi magana ba? Ba akwai tsohuwar amya a kansa ba?"

"Akwai. Amma hotonta ya yi duhu, ganye ya rufe igiyar. Ka ce in sa amyarka yadda kowa zai gane. Sai na duba duk cikin naka na zaɓi wadda ɗaurinta ya fi fitowa."

Kawu ya rufe ido.

"Yaya, mene ne?" in ji Mama.

"Amyar tawa ce," ya ce a hankali. "Ɗaurin ba nawa ba ne."

Ya buɗe ido ya ci gaba.

"Ni daga dama nake naɗa igiya, in soke bakinta ta ƙasa. Haka ubana ya koya min. Ku dubi wannan. Daga hagu aka naɗo ta, aka soke ta sama." Ya ɗora yatsa a kan wayar. "Bana ban hau bishiya ba, ina zan gani? Duk sababbin amyoyina wani ya hau ya ɗaura min. Ta kan majen ce kaɗai ta rage da ɗaurin hannuna."

Dinah ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a baya.

"Kawu, wa ya ɗaura maka?"

"Bahago ɗaya ne a cikin masu zuman Kuyello."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Salmanu. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. "Ɗalha."

"Na ce maka amyata," in ji Kawu, kamar da kansa yake magana. "Ban ce maka wacce ba. A raina duk nawa ne. Na manta hannun da ya ɗaura."

"Baba, wallahi ban sani ba. Ni igiya kawai nake gani."

"Ka kira shi!" Dinah ta daka masa tsawa. "Kira shi yanzu, ya kwashe iyalinsa ya fito!"

Salmanu ya laluba aljihu, wayar ta kusa suɓuce masa. Ya kira. A kashe. Ya sake kira. A kashe.

"Wataƙila sabis ne," in ji Mama. "Kun san Kuyello, sai an hau tudu."

"Zulaiha," in ji Kawu. "Ku kira matarsa."

Mama ce ke da lambarta. Ta shiga ɗaki da gudu ta fito da 'yar ƙaramar wayarta, ta kira, ta sa a lasifika. Ta yi ta ƙara har suka fid da rai, sannan aka ɗauka. Kukan yaro da na awaki suka fara shigowa.

"Salamu alaikum, Mama! Ina wuni? Ya jikin Baba? An buɗe idon?"

"An buɗe, Zulaiha, lafiya lau. Maigidan yana kusa?"

"A'a, ya shiga daji tun bayan sallar asuba. Ya ce zuman Baba ya nuna, gara ya sauke masa kafin a yi ruwa, ya kawo masa gari ya sha da sabon ido." Ta yi 'yar dariya. "Ya ce da hantsi zai dawo, ga shi har rana ta take. Kin san shi in ya ga zuma."

Kawu ya kifa kansa a gwiwa.

Dinah ta karɓi wayar. "Anti Zulaiha, Dinah ce. Shi kaɗai ya tafi?"

"Shi kaɗai. Ya nemi Obed ya raka shi, Obed ya ce ba shi da lafiya, alhali na gan shi yana faskare." Muryarta ta ɗan sauya. "Ni fa tun jiya mutanen garin nan ban gane musu ba. Maigidan ya je wajen mai shayi da yamma, ya tarar ana kallon wani abu a waya, yana zuwa kowa ya tashi. Yau da safe na aika a karɓo min wuta a maƙwabta, aka ce babu. Dinah, lafiya dai ko?"

Dinah ta juya ta kalli Kawu.

"Dinah? Kina jina? Wani abu ya faru ne?"

A daidai nan ɗayar wayar, tata, da ke kan cinyar Kawu, ta fara ruri. Hoton igiyar ya ɓace, suna ya fito a kai.

Ɗalha Kuyello.

"Shi ne!" in ji Salmanu, ya zabura. "Alhamdu lillahi, shi ne!"

"Anti, ga shi nan yana kira, bari in ji," in ji Dinah, ta katse. Ta ɗauki tata ta danna lasifika.

"Malam Ɗalha! Kana ina? Ka saurare ni, kada ka koma gida, ka..."

Ba a amsa ba. Iska ce kawai, da ƙarar babura da ba ɗaya ba, ba biyu ba, ana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Can nesa wani na tari.

Sai wata murya ta fito, siririya, a natse, kamar mai tambayar farashin gero.

"Ke ce mai fim ɗin?"

Mama ta toshe bakinta da gefen zane.

"Wa... wa ke magana?"

"Ni ke tambaya. Ke ce?"

"Ni ce."

"Yauwa. Ga bahagonki nan a gabanmu, mun sauko da shi daga kan ɗorawa. Mun nuna masa igiya, ya ce ɗaurinsa ne. Mun sa masa murya, ya rantse ba shi ba ne. Mun ce to wane ne, ya ce bai sani ba." Mutumin ya ɗan yi dariya. "Taurin kai gare shi. Amma ke kin sani, tunda ke kika riƙe kyamara. In ba shi ba ne, faɗi sunan, mu sallame shi ya je ya ci abincin rana da 'ya'yansa. Mai sunan kuma ya zo da ƙafarsa."

Dinah ta ɗaga ido. Salmanu na girgiza mata kai. Mama na girgiza mata kai, hawaye na zuba.

"Muna jinki," in ji muryar.

Kawu Lazarus ya cire baƙin gilashin daga goshi, ya naɗe shi, ya ajiye a kan tabarma. Ya miƙo hannu.

"Ba ni wayar, 'yata."